Haƙoran Iya Rabi Mai Lu'ulu'u

A Jibiya, kafin wannan abu ya faru, idan mace ta taɓa sarƙar wuyanta ta ce, "Wannan ta hau haƙori," to magana ta ƙare. Ba mai tambayar haƙorin wa. Kowa ya san na Iya Rabi ake nufi, kakata wadda ta haifi ummata. Abin da zan rubuta a nan, wani na gani da idona, wani Umma ce ta faɗa mini, saura kuma daga bakin Iya na ji shi a ranakun da take son magana, waɗanda yanzu ba su da yawa.

A ƙauyen Riko aka haife ta. Aure ne ya kawo ta cikin gari, gidan kakana Nagoggo direba, mai jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maradi. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, sai ta ɗauki dillanci. Ta fara da atamfa da kwanukan jere, tana shiga gida-gida, daga baya ta koma murjani da 'yan kunne. Lu'ulu'u kuwa, Adama ce ta kawo mata shi.

Adama aminiyarta ce tun suna 'yan mata. Uwar Adama 'yar Riko ce da ta yi aure a Maradi, duk kaka sai ta zo ganin gida da ɗiyarta. A nan yaran suka ƙulla ƙawance irin na da, da goro da lalle da shaidar manya. Tun daga nan ba a yi suna ko aure a gidan ɗayarsu ba face ɗayar ta tsallako iyaka da bikinta, wato gudummawarta, a ka. Ummata Na'ima ma a ɗakin Adama aka yaye ta. Mijin Adama ɗan kasuwa ne mai zuwa Jidda, ita ma ta shiga bin sa tana sayo sarƙoƙin lu'ulu'u, ta sayar da wasu a Maradi, ta aiko wa Iya saura. Can a Jidda wani tsoho mai kanti ya nuna mata yadda ake gane na ƙwarai, ita kuma ta koya wa Iya, har ɗalibar ta fi malamar.

Ina yarinya na sha kallon cinikin. Iya ba ta nuna lu'ulu'u a cikin ɗaki, ba ta kuma nuna shi in rana ta yi sanyi. Sai da hantsi, a bakin ƙofa, a kan farin ƙyalle. Takan ce fitila maƙaryaciya ce, ko fasasshiyar kwalba a ƙarƙashinta sarauniya ce. Za ta ɗora wa mace sarƙar a tafin hannu ta ce, "Ji nauyi." Ta manna mata a kumatu ta ce, "Ji sanyi. Na ƙwarai sai ya jima a jikinki kafin ya ɗauki ɗuminki. Roba kuwa nan take ta saba da ke, kamar baƙo marar kunya." Sannan ta baje ƙwayoyin ta nuna cewa babu biyu da suka zo ɗaya sak, wannan ta ɗan fi tsawo, waccan tana da ɗan tabo a gefe. "Abin da Allah ya halitta a cikin ruwa ba ya fitowa kamar ƙwayar magani. In kin ga duk kansu ɗaya, inji ne ya haife su." Ta duba bakin hudar da zare ya bi ko ya ɓare. Ta duba ko an ƙulla zaren tsakanin ƙwaya da ƙwaya, don in ta tsinke kada a bi su da tsintsiya. In ciniki ya faɗa, sai ta bi mace da gargaɗi har zaure: humra da turare su fara hawa jiki su bushe, sannan shi, kuma kada a haɗa shi gwangwani ɗaya da zinari, don zinari mafaɗaci ne, yana yaƙushinsa.

Amma duk wannan share fage ne. Abin da mata suke jira shi ne na ƙarshe. Iya za ta kurkure baki, ta yi bisimilla, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta goga a hankali a bakin haƙoranta na sama, idonta a rufe. Na ƙwarai yana da ɗan kaushi kamar rairayi mai laushi, na jabu kuwa zamewa yake yi sumul. Ba ta yi wa masu saye wannan bayani. Abin da suke gani kawai shi ne ta buɗe ido ta ce, "Ya hau," ko ta ture sarƙar gefe ta ce, "Bai hau ba." Har matan da suka sayo a wani wuri sukan kawo mata ta goga musu, ba ta karɓar ko goro.

"Iya, wai me kike ji in kin rufe idon nan?" wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta.

"Ina jin muryar mijinki yana cewa tsada."

"Don Allah ki koya mini."

"In koya miki in ci me? Ƙasa?"

Goro da shekaru suka ci bakinta. Haƙoran ƙasa na gaba suka zube, na gefe suka soma girgiɗi, amma biyun nan na sama suna nan daram, tana bin su da asuwaki safe da yamma kamar mai kiwon su.

Shekarar da na shiga sakandare Allah ya kira ta Makka. Ita ta tashi ta Katsina, Adama ta tashi ta Yamai, suka haɗu a can. Adama ta riga ta saba da garin, ita ta riƙa jan hannunta a cikin cunkoso. Bayan an sauko daga Arfa, suna zaune a masauki, sai Adama ta kalle ta ta ce, "Ƙawa, haka za ki koma gida baki fari? Wa zai san kin zo?"

"Allah ya sani."

"Allah ya sani, matan Jibiya ba su sani ba. Tashi mu tahi."

Ta kai ta wurin mai sa haƙorin Makka. Mutumin ya duba bakin Iya, ya taɓa na gefe ya ce waɗannan ba za su riƙe komai ba, in dai ana so sai a kan biyun gaba. Iya ta ce a bari.

"A bari mi?" in ji Adama. "Zinari ne fa, ba kara ba. Abin da ƙashi ya ji, zinari ya hi shi ji. Kuma ni zan biya. Bikina ke nan na Hajjinki."

Wanda bai san ƙawance ba zai ce me ya hana ta ƙi. A wurin su Iya, biki ba a mayar da shi. Ƙawa ta miƙo miki abu da sunan biki ki ce ba kya so, daidai yake da ki ce kin gama da ita. Iya ta hau kujera ta buɗe baki.

Ta dawo aka yi ta guɗa. Na tuna yadda muka riƙa ba ta dariya da gangan don mu ga walƙiyar bakinta. Sunan Hajiya ya hau, ko da yake mu jikoki ba mu daina ce mata Iya ba. Sai da baƙi suka ɗauke ƙafa ta zauna ta kwance kayan da ta zo da su. Ta kurkure baki, ta goga ƙwayar farko, ba ta ji komai ba. Ta ɗauko tata sarƙar ta wuya, wadda ta san kowace ƙwaya a cikinta kamar 'ya'yanta, ta goga. Sumul. Ta tsinko dutsen roba daga jigidar wata jikarta ta goga. Duk ɗaya. Ta tura ƙwayar can wajen turame, ta gwada a dasashi, babu abin da ya gaya mata komai.

Da a zamanin da ta fara ne, da hannu da ido sun ishe ta. Amma a lokacin an soma kawo wani irin jabu na gilashi da aka yi wa rufi, yana da nauyi, yana da sanyi, har 'yan tabo ake yi masa. Ga idonta ya fara yana. Haƙori ne kaɗai ya rage mai raba gardama, shi kuma ya tafi.

Ba ta faɗa wa kowa a gidanmu ba. Ta shiga mota ta tafi Maradi, ta ja Adama cikin ƙuryar ɗaki ta rufe ƙofa, ta faɗa mata tana kuka. Iya ta ce Adama ta riƙe hannunta biyu ta ce, "Wagga magana ta mutu cikin ɗakin ga. Haƙorana naki ne. Duk abin da zan aiko miki sai ya hau nawa tukuna. Ke ki goga ki ce ya hau. Ba ƙarya kika yi ba, ai ya hau."

Haka suka shirya. Iya ta daina duba sarƙar da aka sayo a wani wuri, ta ce tsufa ya zo, kayanta kaɗai za ta iya. A kan kayan Adama kuwa ta ci gaba da kurkure baki, da bisimilla, da rufe ido. Na taɓa tambayarta me ya hana ta gaya wa Umma, ga ta da haƙora garau, ta koya mata a cikin gida ba wanda ya ji. Ta ce, "Kunya. Sannan wanda ke da Adama me zai yi da wani?"

Shekaru suka tafi a haka. Aka rufe iyaka, aka buɗe, aka sake rufewa. Motoci suka yi layi a Magama har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, amma kayan Adama ba su yanke ba. 'Yan mashin ne ke biyo hanyar gona da su, a ƙulle cikin tsumma, da irin ƙullin Adama da Iya ta sani. Kullum suna waya, suna gaisawa har kati ya ƙare. Matan Farfaru da na Riko da na cikin gari suka ci gaba da zuwa da hantsi. Wasu ma cewa suke yi tun da haƙoran suka je Makka sun ƙara albarka.

Bayan an sake buɗe iyaka, matar Alhaji Manu, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, ta tashi haɗa lefen ɗanta Yusha'u. Ta ce wa Iya tana son sarƙar da ba a taɓa sa irinta a akwati ba a unguwar. Iya ta yi wa Adama waya, aka aiko da wata mai zubi uku, da 'yan kunnenta da abin hannu. Ta hau haƙori a gaban matar Alhaji Manu da 'yan'uwanta. Don girmamawa aka sa Iya cikin masu kai lefen, Umma ma tana ciki.

Amaryar, Muhsina, a Jibiya ta tashi, amma dangin ubanta mutanen Maradi ne, sun kuwa zo da yawa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka jera akwatuna. Wadda ke buɗewa gwaggon amarya ce, wata doguwar mace mai yawan raha. Tana ɗaga atamfa tana tsokana, namu suna ramawa, ana ta dariya. Da ta zo kan sarƙar ta ɗaga ta sama, sai wata daga cikin namu ta rangaɗa guɗa ta ce, "A kalla da kyau! Wannan ta hau haƙorin Hajiya Rabi, ga ta nan zaune."

Gwaggon ta leƙo ta kalli Iya. "Wane haƙorin? Na zinarin?"

Ta kai sarƙar bakinta ta goga ƙwaya ɗaya. Ta matsa gaba ta goga wata. Ta juya ɗaya zubin ta sake gogawa.

"Santsi kamar kuɓewa," ta ce.

Gwaggon ta cire allurar da ta maƙale mayafinta da ita, ta sa tsininta a hudar wata ƙwaya ta ɗan taɓa. Farin ya ɗago kamar ɓawon kifi, gilashi ya bayyana a ƙasa. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba, sarƙar ta zagaya tabarma hannu zuwa hannu.

"Ku yi haƙuri, ba cin fuska ba ne," in ji gwaggon. "Mu can mun daɗe da sani. Hajiya Adama da bakinta take ba da labarin a gidan biki, har tana gwada yadda ake ruhe ido. Cewa take haƙoran Jibiya sun tahi Hajji ba su dawo ba."

Wasu daga cikin baƙin suka yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar wanda ya tuna tsohon barkwanci. Umma ta ce wannan dariyar ce ta fi komai ciwo. Ta juya ta kalli Iya tana jiran ta ƙaryata, sai ta ga ta ja mayafi ta rufe bakinta. A haka ta zauna har aka rufe akwatuna.

Auren bai fasu ba. Alhaji Manu ya sayo sarƙar zinari aka maye gurbin. Amma an riga an ce gidansa sun kai jabu a lefe, kuma da wannan za a riƙa tuna bikin. Da yamma matarsa ta jefo sarƙar ta kan katanga, ta faɗo kusa da murhunmu. Ba ta haɗa da magana ba.

Washegari da safe Iya ta ɗauki sarƙar ta ce wa Umma ta raka ta. Suka wuce Magama, suka wuce shingen duwan, wato kwastan ɗin Nijar, na Ɗan Isa. Wani jandarma da ya san ta shekara da shekaru ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, yau ba kaya?" Umma ta ce tun daga gida har Maradi hannunta na kan ƙullin da ke cinyarta.

Sun tarar da Adama a falo tana kallon talabijin. Ta miƙe da murna. "Lale da mutanen Najeriya! Ƙawa, ba ko waya? Na'ima, ke ce kika yi ƙiba haka? A kawo ruwa!"

Iya ba ta zauna a kujera ba. Ta zauna a ƙasa, ta kwance ƙullin, ta shimfiɗa sarƙar a gabanta.

"Goga."

"Ƙawa, ki sha ruwa tukuna."

"Adama, goga."

Umma ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin Iya ta kira wannan suna a gaban mai shi ba. Adama ta rage sautin talabijin. Ta kalli sarƙar, ba ta taɓa ta ba.

"Ba sai na goga ba," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Tun ruhin iyaka na farko." Ta gyara zama. "Ki saurare ni. Na ƙwarai ya yi tsada, sefa ta hau, nairarku ta faɗi ƙasa. In na aiko miki da shi a kuɗinshi, wa zai saya a Jibiya? Ɗana Shamsu ya samo wanga, wallahi ya ma hi kyau a ido. Kin ci, na ci, mata sun yi ado sun shiga biki. Wa ya mutu?"

"Sunana."

"Sunanki?" Adama ta yi 'yar dariya. "To wa ke kurkure baki yana bisimilla yana ruhe ido? Ni ko ke?"

"Ke kika ce haƙoranki nawa ne."

"Ke kuma kika yarda, don ta yi miki daɗi."

Umma ta kasa haƙuri ta ce, "Inna Adama, ki ji tsoron Allah."

"Ke Na'ima, ruhe mini baki. Ni na yaye ki."

Iya ta ɗaga wa Umma hannu. Aka kawo ruwan aka ajiye. Sannan Iya ta ce wa Adama, "Kayan na ji. Kasuwa ce, shaiɗan na cikinta. Maganar ɗaki fa? Wadda kika ce ta mutu?"

Nan ne kawai Adama ta kau da kai. "Hira ce ta kawo. An yi dariya an tashi. Ban san za ta tsallaka ba."

"Kin san ni ma ta nan nake tsallakowa."

Adama ta mayar da ido kan talabijin.

"Saura ɗaya in tafi," in ji Iya. "A Makka, da kika ce zinari ya fi ƙashi ji. Kin sani?"

Adama ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta fasa. Umma ta ce sai a wannan lokacin ta lura da abin da ta yi shekaru tana gani ba ta gani ba: Adama ta je Makka ba adadi, haƙorinta na zinari yana can gefe, na gabanta kuwa farare tas, ba wanda ya taɓa su.

"Abin da ya wuce ya wuce, ƙawa," ta ce daga ƙarshe.

Iya ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta bar sarƙar a inda take, da ruwan. Suna zaure suka ji Adama ta ɗaga murya, "Ƙawa! Ko abinci ba ku ci ba!" Har yau Iya ba ta san amsar tambayarta ba, kuma na lura ita ce ta fi cin ta. Wani lokaci takan ce ba yadda za a yi, Adama ba ta kai nan ba, tsautsayi ne ta samu ta hau. Wani lokaci kuma sai ta ce, "Amma me ya sa nata yake gefe?"

Satin bai ƙare ba ta sa Umma ta kai ta Katsina wurin likitan haƙori, ta ce a cire zinarin. Tana sa ran in an ɗaga rufin za ta samu abinta a ƙasa. Likitan ya ɗaga ya tarar an goge su tun can don rufin ya zauna, abin da ya rage kuma ya ruɓe. Dole aka cire su duka biyu. Ta dawo da auduga a baki.

Da bakin ya warke, ta ɗauki mayafi ta shiga bin gidajen da ta sayar wa kaya tun dawowarta daga Makka. Ba mai rakiya sai wanda ya ga dama, wani lokaci Umma, wani lokaci ni. A kowane gida ta zauna ta faɗi abin da ya faru da bakinta, ba ta rage nata laifin ba. Ta sayar da gonarta ta gado a Riko ta mayar wa mutane abin da ya samu. Wata ta karɓa ta ce Allah ya kiyaye gaba. Wata ta ce Allah ya isa a gaban idonta. Wata ta bar mu a zaure ta aiko a ce tana barci. Iya ta shanye duka, ta ce hakkinsu ne. Abin da take riƙe da shi a ranta shi ne, ko ba komai, akwai na kafin Makka. Shekarun nan masu yawa da ta yi da haƙoranta na ƙashi, duk ƙwayar da ta ce ta hau, ta hau. Wannan ba mai ƙwace mata shi.

Ranar da muka je ƙauyen Kusa, bayan mun fito daga gidan da ya kai mu, ta ce mu biya mu gai da Salmatu. Salmatu tsohuwa ce sa'arta, tana cikin waɗanda suka fara sayen lu'ulu'u a hannunta tun Umma ba ta yi aure ba. Iya ta ce a nan dai za mu sha ruwa da daɗin rai, don ba ta da abin faɗa a gidan.

Salmatu ta karɓe mu ba yabo ba fallasa, ta shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya. Ana cikin gaisuwa, ana tambayar damina da lafiyar hanya, sai na ga idon Iya ya tsaya a wuri ɗaya. Jikokin gidan mata suna wasan 'yartsana a bakin rumbu. Sun yi wa 'yartsanar kara ɗaurin zani, sun naɗa mata wani abu fari a wuya har zagaye biyu. Zaren ya tsinke ta gefe ɗaya, wasu ƙwayoyin suna cikin gwangwanin tumatir da suke dafa tuwon ƙasa a ciki, wasu suna warwatse a turɓaya, kaza tana tsattsagar ɗaya.

Iya ta miƙa hannu ta ɗauki wadda ta gangaro kusa da tabarma. Ta goge ta da bakin zaninta, ta juya ta a tafin hannu, ta manna a kumatu.

"Salmatu, wannan ai sarƙarki ce."

"Ita ce. Tun da muka ji labari na ba yara. Ajiyar me zan yi wa gilashi?"

"Wannan ba ya cikinsu. Wannan tun kafin in je Makka ne, tun ina da haƙorana. Na ƙwarai ne, Salmatu. Yanzu ko a Maradi ba za ki samu irinsa ba."

"To, Hajiya."

"Wallahi na ƙwarai ne. Sa a haƙorinki ki goga, za ki ji ɗan kaushi kamar rairayi."

Salmatu ta kalli ƙwayar, ta kalli bakin Iya. "Abin da kaji suka gama tsattsaga zan sa a baki? Bar shi kawai. Ba na riƙe ki da komai ba, mun yafe. Allah ya sa iyakarta ke nan."

"Ba yafiya na zo nema a nan ba. Wannan ban cuce ki ba."

"Haka aka ce kin faɗa wa matar Alhaji Manu."

Ƙaramar cikin yaran ta taso ta tsaya a gaban Iya, ta miƙo hannu. "Kaka, ba ni idon miyata."

Iya ta riƙe ƙwayar na ɗan lokaci. Sannan ta buɗe hannun yarinyar ta sa mata, yarinyar ta ruga ta jefa a gwangwani ta ci gaba da juyawa da tsinke. Salmatu ta ce a kawo mana fura. Iya ta ce a bari, rana ta yi, motar Jibiya ba ta jira.